SAN JIMINYANO: GARIN HASUMIYOYI A ƘASAR ITALIYA

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar ba ni wannan dama. Tsayawa a gaban malaman da suka san makin da mutum ya ci a jarrabawar tarihi da ta labarin ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne, musamman da yake abin da zan yi magana a kansa ya shafi darussan nan biyu. An nemi in ba da labarin wani wuri da na ziyarta a ƙasar waje wanda jama'a za su ƙaru da shi. Na san wasu za su zaci zan ɗauko Rum ko Landan ko Faris. A'a, na zaɓi wani ɗan ƙaramin gari ne da ke bisa tudu a tsakiyar Italiya, wanda mutanensa ba su kai 8,000 ba. A rubuce sunansa San Gimignano, a baki kuwa San Jiminyano ake cewa. Abin da nake so mu duba tare shi ne yadda arziki ya gina wannan gari, yadda talauci ya tsare shi, da kuma yadda mutanensa suke cin abinci a yau daga abin da kakanninsu suka bar musu, na gini da na girki.

INDA GARIN YAKE

San Jiminyano yana yankin Tuskani, a lardin Siyena. Tsakaninsa da birnin Fulorans kimanin kilomita 55 ne, tsakaninsa da Siyena kuwa kimanin 40. Jirgin ƙasa ba ya hawa can. Sai mutum ya sauka a tashar wani gari da ke cikin kwari mai suna Poggibonsi, sa'an nan ya shiga bas, cikin kamar rabin awa ya isa. Hanyar tana ta lanƙwasa tsakanin gonakin inabi da na zaitun, har a kai wata kwana inda garin zai bayyana gaba ɗaya: ganuwa ta kewaye kan tudu, hasumiyoyin dutse kuma sun tsaya cirko-cirko a bisanta. Tudun ya haura mita 300 daga matakin teku.

Bas tana ajiye mutane a wajen ganuwa, kusa da ƙofar kudu da ake kira San Giovanni, wadda aka gina a 1262. An taƙaita shigar motoci cikin gari, saboda haka ƙafa ita ce abin hawa. Daga wannan ƙofa zuwa ta arewa, watau San Matteo, bai wuce tafiyar minti 15 ba. Amma wanda ya zo kallo zai iya shafe yini biyu tsakanin ƙofofin nan bai gama ba.

ZANGO A HANYAR RUM

Titin da ya ratsa garin daga ƙofa zuwa ƙofa shi ne tushen arzikinsa. Wani yanki ne na tsohuwar hanyar da ake kira Via Francigena, watau hanyar da ta fito daga Faransa, wadda Kiristocin arewacin Turai suke bi zuwa ziyarar ibada a Rum. A shekarar 990 babban limamin cocin Kantabari ta Ingila, mai suna Sigeric, ya bi ta a hanyarsa ta komowa gida, aka rubuta sunayen zangunan da ya yada, kusan 80, kuma wannan gari yana cikinsu.

Mu da muka tashi da labarin ayari da madugu mun san abin da zango yake jawo wa gari. Matafiyi yana bukatar masauki da abinci da harawar dabbobi da mai canjin kuɗi, kuma duk inda maziyarta suka bi, fatake suna biye. Cikin ƙarni biyu garin ya yi ƙarfin da a 1199 ya fita daga ƙarƙashin ikon limamin Volterra, ya koma cin gashin kansa da majalisarsa. Akwai wata dabara ta mulki da garuruwan Italiya na wancan zamani suke yi, har da wannan. Sukan ɗauko babban mai shari'a da zartarwa, wanda suke kira podesta, daga wani gari dabam, su ba shi wa'adin wata shida ko shekara guda, don kada ya zama yana da dangi ko suruki a cikin masu jayayya.

Babbar hajar garin ita ce za'afaran. Wannan tsiro ne mai fure ruwan shanshanbale, kowane fure yana da zare uku jajaye a tsakiyarsa, kuma zaren nan uku su kaɗai ake so. Sai an tsinke fure wajen 150,000 kafin a sami kilo guda na busasshen za'afaran. Ana tsinkar ne da hannu, da sassafe kafin furen ya buɗe, cikin 'yan makonni a watannin Oktoba da Nuwamba. Ana rina tufa da shi, ana magani, ana sa shi a abinci. Fataken San Jiminyano sun riƙa kai shi tashar jiragen ruwa ta Fisa, daga nan ya wuce har Iskandariyya da Tunis da garuruwan Sham. Darajarsa ta kai a 1228 hukumar garin ta biya wani sashe na bashin da ta ci na yaƙi da za'afaran a maimakon kuɗi. Daga ribar wannan fatauci, da ta ulu da ta ba da rance, aka sami attajiran da suka gina abin da ake zuwa kallo a yau.

GASAR HASUMIYOYI

Da yake fili ya yi ƙaranci cikin ganuwa, attajirin da yake son nuna isa ba shi da inda zai faɗaɗa gida sai sama. Kowane babban gida ya tashi hasumiyarsa, maƙwabci ya ga haka ya ɗara shi. A lokacin da abin ya kai ƙololuwa, an ce hasumiyoyi 72 ne a wannan ɗan gari. Yau saura 14.

Wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu zai gane ba don jin daɗin zama aka yi su ba. Bangon yana da kaurin gaske, ɗakunan ƙanana ne ƙwarai, tagogin kuma 'yan tsiraru. Ƙasa wurin sana'a ne, sama ɗakin kwana, madafa kuwa a can ƙoli, don in gobara ta tashi kada ta tare wa mutane hanyar fita. A jikin bangon har yanzu ana ganin layin ramuka inda a da aka soka azarorin baranda ta katako. Amfaninsu na biyu shi ne tsaro, domin garin ya rabu gida biyu, kamar yadda Italiya duka ta rabu a lokacin: masu goyon bayan Fafaroma da masu goyon bayan Sarkin daular Jamus. A San Jiminyano zuriyar Ardinghelli ce ke jan ɓangaren Fafaroma, zuriyar Salvucci kuwa ɓangaren Sarki. In rikici ya ɓarke, kowa sai ya shige hasumiyarsa ya janye tsani, a yi ta jifa daga sama. Wanda ya yi nasara yakan kori abokin gaba daga gari, ya rage wa hasumiyarsa tsawo ko ya ƙone gidansa.

Da abin ya ishi hukuma, a 1255 ta kafa doka cewa kada hasumiyar kowa ta wuce ta gidan hukuma, wadda ake kira Rognosa, mai tsawon mita 51. Mutanen garin suna ba da labarin cewa 'yan Salvucci sun zagaye dokar ne ta hanyar gina tagwayen hasumiyoyi a jere, don a san cewa in aka ɗora ɗaya bisa ɗaya sun wuce ta hukuma nesa ba kusa ba. Tagwayen suna nan tsaye. Daga baya hukumar ta gina wa kanta sabuwa, Torre Grossa, watau Babbar Hasumiya, wadda aka fara a 1300 aka gama a 1311. Tsawonta mita 54 ne, daidai ninki biyu na hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27.

ANNOBA DA BAYANTA

A shekarar 1348 annobar da Turawa suke kira Baƙar Mutuwa ta bazu a Italiya daga tashoshin jiragen ruwa, ta bi hanyoyin fatauci. Hanyar da ta kawo wa San Jiminyano arziki ita ta kawo masa cutar. Kimanin rabin mutanen garin suka mutu. Waɗanda suka rage, ga rashin mutane ga gabar cikin gida da ba ta ƙare ba, a 1353 suka miƙa wuya ga Fulorans. Sabbin iyayengijin suka gina sansani a kan tudun da ya fi tsawo cikin gari. Sannu a hankali matafiya suka koma bin hanyar kwari wadda ta fi sauƙi, zango ya mutu, gari ya koma ƙauyen manoma.

To, jama'a, a nan ne abin lura yake. Sauran biranen Italiya ma sun yi zamanin hasumiyoyi. Fulorans tana da fiye da 100, amma tun a 1250 gwamnatinta ta sa aka rage musu tsawo, daga baya kuma da kuɗi suka ƙaru aka haɗiye su cikin sabbin fadoji. Masu kuɗi sun rushe tsoho sun gina sabo bisa yayin zamaninsu. San Jiminyano ba shi da kuɗin rushewa, balle na sabon gini. Wasu hasumiyoyin sun faɗi don rashin gyara, wasu an rage su, amma tsarin tituna da dandali da ganuwa ya zauna kusan yadda annoba ta same shi. Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. Da Turawa masu yawon buɗe ido suka fara zuwa a ƙarni na 19, sai suka tarar da abin da ya ɓace a manyan birane yana nan a wannan ƙauye. A 1990 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

ABUBUWAN GANI

Wanda ya shigo ta ƙofar kudu, titi zai kai shi wani dandali mai kusurwa uku, daɓe da jan bulo, mai suna Piazza della Cisterna, watau Dandalin Rijiya. Rijiyar tana tsakiya bisa matakala. An gina ta a ƙarni na 13, aka faɗaɗa ta a 1346. Ina roƙon duk wanda ya je ya duba bakinta da kyau. Igiyar guga ta ci dutsen, ta yi masa zurfafan tsagogi, irin waɗanda muka sani a bakin tsofaffin rijiyoyinmu. A garin da ke kan tudu ruwa shi ne rai, kuma wannan ta tara ruwan sama ne don ranar da abokan gaba za su kewaye gari.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa dandali na biyu, inda babban coci da gidan hukuma suke. A gidan hukumar akwai zauren majalisa da aka sa wa sunan Dante, babban mawaƙin Italiya, saboda a watan Mayu na 1300 ya zo nan a matsayin jakadan Fulorans ya yi wa majalisar jawabi. Ta cikin wannan gida ake hawa Babbar Hasumiya. Matakalar ta haura 200, ƙarshenta kuma tsani ne, saboda haka ina ba iyayenmu malamai da masu ciwon gwiwa irina shawara su hau a hankali, ko kuwa su nufi tsohon sansanin nan na 1353, wanda yanzu lambun zaitun ne, inda ake ganin hasumiyoyin duka ba tare da wahala ba. Wanda ya kai ƙoli zai ga jajayen rufin gidaje a ƙarƙashinsa, da hanyar da ta shigo ta kudu ta fita ta arewa, ya fahimci labarin garin a kallo ɗaya. Gani ya kori ji.

Babban cocin an keɓe shi a 1148. Daga waje bango ne kawai ba ado, amma ciki an zane shi daga ƙasa har sama. A bango ɗaya wani mai zane ɗan Siyena, Bartolo di Fredi, ya zana labarun tsohon alkawari a 1367: jirgin Nuhu, mafarkin Yusufu, halakar rundunar Fir'auna cikin teku, da jarrabawar Ayuba. Ɗaya bangon kuwa labarin rayuwar Almasihu ne bisa aƙidar Kirista. Zana surar annabawa ba al'adar Musulmi ba ce, amma yana da kyau a san dalilin yin sa a can: akasarin jama'a ba su iya karatu ba, saboda haka bango shi ne allonsu. Ana bukatar mai shiga ya rufe kafaɗa da gwiwa, ya kuma rage murya. A gefe guda akwai ɗakin tunawa da wata yarinya 'yar garin mai suna Fina, wadda ta yi shekara biyar kwance bisa katako cikin ciwo da haƙuri, ta rasu a 1253 tana da shekara 15. Mutanen gari suka gina asibiti da sunanta. Wanda ya zana ɗakin wajen 1475 shi ne Ghirlandaio, malamin da Mikelanjelo ya yi almajiranci a wurinsa, kuma a bayan zanen jana'izarta ana ganin hasumiyoyin garin kamar yadda suke a lokacin.

Akwai wani zane da na tanadar wa malamanmu musamman. A ƙarshen gari ta arewa akwai cocin Sant'Agostino, inda Benozzo Gozzoli ya zana tarihin Agustin, babban malamin Kirista, cikin kashi 17, tsakanin 1464 da 1465. Shi Agustin ɗin mutumin Afirka ne, an haife shi a 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Kashi na farko ranar da iyayensa suka kai shi makaranta ne. A gefe ɗaya ga malam yana karɓarsa da fara'a. A ɗaya gefen ga malamin nan dai ya ɗaga bulala, wani babban ɗalibi ya goya wani ƙaramin yaro a baya ya riƙe masa hannuwa, shi kuma Agustin yana tsaye kusa ya duƙufa kan allonsa. Duk wanda ya yi makarantar kwana a zamaninmu ba ya bukatar tafinta a gaban wannan zane.

ABINCIN GARIN

Abincin Tuskani abincin manomi ne, su da kansu suna kiransa girkin talaka, ba kuma tare da jin kunya ba. Tushensa burodi ne, kuma abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne burodin ba shi da gishiri ko kaɗan. Wasu sun ce asalin haka tsadar harajin gishiri ne, wasu sun ce mutanen Fisa ne suka tare hanyar gishiri a wata rigima da Fulorans. Kowanne ne, burodin lami yana da wata fa'ida: ba ya saurin ruɓewa, bushewa yake yi. Uwargida a ƙauye takan gasa na mako guda a rana ɗaya, kuma ba a zubar da ko ɓallinsa. Daga wannan busasshen burodi aka sami girke-girke uku da ake sayarwa a yau a kusan kowane gidan abinci.

Na farko shi ne ribollita, ma'anar sunan kuwa abin da aka sake tafasawa. Miya ce mai kauri ta farin wake da wani baƙin kabeji mai dogon ganye da albasa da karas, a jera yankakken busasshen burodi a ciki, a bar ta ta kwana, washegari a mayar bisa wuta, a zuba man zaitun. Da aka yi mini wannan bayani sai na ce ai wannan ɗumame ne, kuma kamar namu, na kwana ya fi na jiya daɗi. Na biyu pappa al pomodoro, fate ne na burodi da tumatir da tafarnuwa da wani ganye ɗan'uwan ɗoɗɗoya. Na uku panzanella, na lokacin zafi, wanda zan iya kira kwaɗon burodi: a jiƙa shi a matse, a yanka tumatir da albasa, a zuba mai da ruwan tsami.

A nan akwai wani abu na tarihi. Tumatir da farin wake daga nahiyar Amurka suka zo Turai bayan 1492, watau waɗanda suka gina hasumiyoyin nan ba su taɓa ɗanɗana su ba. Waken da suka sani shi ne mai baƙin ido, wanda har yanzu ake nomawa a Tuskani, kuma asalinsa daga Afirka yake. Shi ne dai wakenmu na ƙosai da alale.

Taliyar lardin Siyena ana kiranta pici. Gari ne da ruwa, a murza da tafin hannu ta fito doguwa mai kauri, kamar taliyarmu 'yar murji, a ci da miyar tumatir da tafarnuwa ko da cuku da masoro. Cukunsu na nonon tumaki ne, sunansa pecorino, akan ci shi da zuma. Wanda ya je a watan Nuwamba zai tarar da sabon man zaitun, kore shar mai ɗan yaji a maƙogwaro. Sai a gasa burodi, a goga masa tafarnuwa, a kwarara man a kai. Za'afaran kuwa nomansa ya kusa ɓacewa ƙarnuka da dama, sai a ƙarshen ƙarni na 20 wasu manoma suka farfaɗo da shi, kuma a 2005 Tarayyar Turai ta ba shi shaidar kariya, ta yadda ba mai ikon sa wa hajarsa sunan garin sai wanda ya noma a ƙasar garin bisa ƙa'ida. Zare-zare ake sayar da shi, ba gari ba, don mai saye ya ga abin da ya saya. Ana sa shi a shinkafa da miyar kaza, har da askirim: a Dandalin Rijiya akwai shagon da ya yi suna da wani askirim na za'afaran da aka sa wa sunan yarinyar nan Fina. Ranar Alhamis ce kasuwar garin take ci, kuma nan ne ake ganin 'yan gari sun fito cefane.

Wajibi ne in yi wa 'yan'uwa hannunka mai sanda. Abubuwa biyu da garin ya fi tallatawa su ne naman aladen daji da farar giyar inabi mai suna Vernaccia, wadda a 1966 ta zama ta farko a Italiya da ta sami shaidar asali ta gwamnati. Za ku ga kan aladen daji a rataye a ƙofar shaguna. Wanda addininsa ko lafiyarsa ta hana shi waɗannan sai ya riƙe 'yan kalmomi: maiale alade ne, cinghiale aladen daji, prosciutto da salame da pancetta duk namansa ne, lardo da strutto kitsensa, vino kuwa giya. Kalmar senza tana nufin ban da. Ko ribollita wasu sukan jefa mata ɗan naman alade don ƙamshi, saboda haka a tambaya kafin a ci. Mai dafa abinci a can yana alfahari da girkinsa, yana kuma jin daɗin a tambaye shi abin da ke ciki. A kuma lura da lokaci: abincin rana daga 12:30 zuwa wajen 2:30, na dare daga 7:30, tsakaninsu akasarin madafai a rufe suke. In an ga kalmar coperto a takardar kuɗi, kuɗin zama ne da burodi, al'ada ce a can.

KAMMALAWA

Kada in bar ku da zaton komai lafiya lau ne. Miliyoyin baƙi suke shiga wannan ɗan gari kowace shekara, akasarinsu na yini ɗaya. Daga hantsi zuwa la'asar a lokacin zafi, babban titin yakan cika kamar kasuwar jajibere. Shagunan tsaraba sun maye gurbin shagunan bukatun yau da kullum, gidaje da yawa sun koma masaukin baƙi, mafi yawan 'yan gari kuma a wajen ganuwa suke zaune. Wanda yake son ganin garin na gaskiya sai ya kwana, ya fito da sassafe ko bayan motocin baƙi sun tafi. Dutse ma yana gajiya: a watan Afrilu na 2018 wani yanki na ganuwar mai tsawon kimanin mita 20 ya rufta, aka killace wurin, hukumomi suka tashi tsaye neman kuɗin gyara. Talauci ya tsare garin shekaru ɗaruruwa ba da niyya ba, amma yanzu doka da kuɗi da sa ido ne suke riƙe da shi.

Malamanmu na tarihi sun koya mana cewa Sarkin Kano Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano. Ke nan ta girmi ganuwar da ke kewaye da San Jiminyano a yau da fiye da shekara 100. Gaskiya ne tasu ta dutse ce, tamu ta ƙasa, wadda take bukatar yaɓe a kai a kai. Amma tsohon garin Agadas ma na ƙasa ne, kuma ya shiga jerin UNESCO a 2013, alhali ganuwar Kano tun 2007 take cikin jerin masu jira, kowa kuma ya san yadda gine-gine da zaizaya suka ci sassanta da dama. A cikin wannan zaure akwai injiniyoyi da lauyoyi da ma'aikatan filaye da masu sarauta, waɗanda takardar izinin rushewa ko ta gini takan bi ta teburinsu. Su nake roƙo su tuna da wannan ɗan gari a ranar da irin wannan takarda ta zo gabansu. Haka kuma masu gidajen abinci a cikinmu su duba yadda waɗannan mutane suka ɗora ɗumamensu a faranti, suka kira shi da sunansa na asali, duniya take zuwa saye.

 Malamanmu da ke raye Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.